Kwana Huɗu, Ba Uku Ba

Shekarar farko na dira Majema
da kyamarar aro da farar riga,
rana tsaka, inuwata ta ɓuya ƙarƙashin takalmi.
Ban rubuta tambaya ko ɗaya ba.
Na ɗauka bakina ya isa.

Tsoho Altine na duƙe kan kwatarniya,
hannunsa rine har gwiwa.
Na ce, "Baba, yaya kake ji game da sana'arka?"
Ya dube ni, ya dubi rigar.
"Ɗan boko, mi kaka so ka sani?"
Kafin in lalubo amsa, batir ya mutu.

Na koma Dundaye da minti biyu na ƙafafun mutane
da ƙarar injin niƙa.
Malama Kulu ta kalla har ƙarshe, ba ta yi dariya ba,
da ma ta yi.
Ta miƙo takardata, jan biro ya rinjayi baƙi.
A gefe ta rubuta, "Wa ya faɗa maka?"
Sau bakwai. Na ƙirga.

Tambayar ta bi ni ɗaki, ta kwana kan tabarmata.
Na sayi littafi mai ganye tamanin.
Na zauna laburare har mai shara ya san sunana,
tsofaffin jaridu na karyewa a hannu kamar busasshen ganye.
Jarida ta faɗi shekara guda,
dillalin fata a Kara ya faɗi wata,
Altine ya ce duka ba su nan lokacin.
Ranar na koyi rubuta "ban tabbatar ba,"
ya fi jarrabawa wuya.

Na koma Majema sau tara ba kyamara.
Warin ya daina korata.
Na daka bagaruwa, tafina ya yi kanta,
na ga yadda toka ke sakin gashi,
yadda karan dafi ke shiga fata a hankali
kamar magana cikin kunnen mai taurin kai.
Littafina ya fara ɗaukar tabo:
haske na sauka kan kwatarniya bakwai da rabi,
injin niƙa na tashi tara,
Juma'a kar ka zo.
Batir biyu, ɗaya ya kwana wurin mai caji a Gawon Nama.
Kuɗin kabu-kabu, zuwa da dawowa.
Kar a kai wa tsoho goro, haƙoran sun tafi;
sukari da ganyen shayi.
Nemi izini kafin ka ɗaga komai.

Ranar ɗauka, hadari ya taso daga gabas.
Rima ta cika ta batse a Kwalkwalawa,
Bube mai riƙe makirfo ya maƙale can tsallake,
yana kira yana ba ni haƙuri.
Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba.
Sai na buɗe shafi na goma sha ɗaya,
inda wani ni, mai natsuwa, ya rubuta tun watan jiya:
"Idan ruwa ya zo, zaure.
Ɗaure makirfo jikin taɓarya."

Nan muka zauna, kwano na kiɗa bisa kanmu.
Na yi tambaya ta farko, gajera.
Na yi shiru.
Shirun ma yana cikin tsari.
Altine ya yi magana minti arba'in
kan mahaifinsa, da shekarar da fata ta faɗi,
da ɗansa da ya zaɓi sayar da waya.

Malama Kulu ta sa hannu, jan biro bai fito ba.
Na kai wa tsoho ya gani,
ya riƙe wayar nesa da ido, ya kalli kansa har ƙarshe.
"Wagga magana taka ta toka," in ji shi,
"kwana huɗu na, ba ukku ba."

Na laluba aljihu.
Saura ganye biyu a littafin.