Shatin Igiya

Ankwar nan Graciete ce ta ba mu,
kyautar cika shekara ashirin da aure,
tana dariya har da riƙe ciki.
Sau biyu muka gwada ta.
Ƙaras! Magana ta ƙare,
kamar akawu ya buga hatimi.
Ƙarfe ba ya tambaya.
Sanyinsa ɗaya ne a wuyan hannuna
da na ɗan sane a tashar Campanhã.
A karo na biyu makulli ya faɗa bayan gado,
Anselmo ya shiga rarrafe da tocila a baki,
ni ko ina rataye da dariya da ƙaiƙayin hanci.

Igiya kuwa sai da hidima.
Ran Laraba yake dafa ta a tsohuwar tukunya,
ya shanya a baranda,
Dona Ermelinda ta ƙasa na zaton ta kwale-kwale ce.
Ya babbake gashinta a harshen wuta,
ya bi ta da mai, gaba bayan gaba,
da hannun da ya shekara talatin
yana ɗinkin taru a Matosinhos.

Ni da nake ba da umarni tun asuba a ɗakin haihuwa,
miƙo wannan, riƙe wancan,
yunƙura, 'yar nan, yunƙura,
a nan ba a neman komai wurina
sai numfashi da gaskiya.

"Ya matse?"
"A'a."
"Motsa yatsunki in gani."

Yatsa biyu yake zurawa tsakanin fata da ƙulli.
Almakashi na kan durowa,
kalmarmu na ƙarƙashin harshena: lemo.
Sau ɗaya na taɓa faɗin ta, wani daren Janairu.
Kafin in rufe baki ya yanke aikin awa guda,
bai ce me ya faru ba,
bargo ya jawo, ya ɗora ruwan shayi.

Ankwa ɗauri ɗaya ta sani.
Igiya zagayowa take yi,
kowane zagaye sai ta sake neman izini,
ni kuma in sake bayarwa.
Kwancewar ma ba ta son gaggawa,
tana jan jiki, da ɗumina a jikinta.

Da safe a jirgin ƙasa
shatin na nan kamar kitso a fata.
Na ja hannun riga na rufe.
Kafin mu haye gada zai ɓace,
shi ya sa nake leƙa shi.