Tankin Banli a Ƙofar Marusa

Ranar Talata, la'asar sakaliya,
Sada ya sauke shi naɗe cikin buhun taki,
a hankali, kamar mai miƙa jinjiri ga wanzami.
Ya ce, "Baba Mati, na kakana ne.
Shekara ashirin da bakwai babur ɗin na jingine a garken awaki.
Za shi tashi?"

Ban tanka ba.
Tanki ba a yi masa alkawari sai an shinshina bakinsa.
Na murɗe marfi, na kai hanci:
fetur ya tsufa har ya koma warin ruɓaɓɓen goro.
Na ɗaga shi sama,
rana ta zubo ta ƙasansa kamar gari a rariya.

Tsakuwa tafi biyu, tsofaffin notuna,
kananzir rabin gwangwani.
Na ce da yaron, girgiza.
Ya yi ta yi kamar mai kaɗa nono a gora,
har tsatsa ta fito ja, launin hanyar Batsari bayan ruwa.

Wanka bakwai da omo.
Sannan na jona shi da salansar motar Lawandi,
hayaƙi ya ratsa cikinsa.
Sada ya gaji, ya ce, "Ai ya bushe tun ba a haife ni ba."
Na nuna masa girata ta hagu,
wadda ba ta sake tsirowa ba.
Mai yakan ƙare, yaro,
amma fushinsa na nan kwance a lungu,
yana jiran wanda ya ce ya manta.

Ina kankare fenti ne wuƙar ta tsaya.
Faci.
Dalma an malala ta kamar kashin kaza,
aikin gaggawa, hannun mai tsoro.
A gefe, an karta da ƙusa: Mati.

Ina shekara goma sha biyar.
Ubangidana Ilu ya tafi jana'iza Dutsin-Ma,
ya ce kar in taɓa wuta.
Sai ga wani malamin dabbobi, dogo, da malafa,
allurar shanu na akwatinsa, ƙanƙara na narkewa,
Kaita da nisa, mai na ɗiga.
Na taɓa wuta.
Ya ba ni kwabo hamsin, ya ce, "In ya zuba, zan dawo."
Bai dawo ba.
Ilu ya dawo, da bel ɗin inji a hannunsa.

Ga shi yau ƙarfen turawa duk ya cinye kansa,
facin yaron nan kaɗai ke riƙe da numfashi.

Na kunna kabad, harshen wuta ya yi shuɗi.
Tagulla ta bi hudoji ɗaya ɗaya
kamar mai bin gidaje yana gaisuwa.
Goma sha tara na ƙirga.
Na busa iska, na shafa kumfar sabulu,
muka tsuguna mu biyu muna jiran ƙwayar kumfa ta tona asiri.
Shiru.
Can aka kira magariba.

Sada ya shafa tsohon facin da yatsa.
"Wannan mummunan fa, ba za a goge shi ba?"

Na ɗaura masa buhunsa, na ce,
"Kawo dubu shida.
Wancan an biya kuɗinsa tuntuni,
kuma mai shi bai kawo ƙara ba."