Yauƙi

Likitan nan Bamisire ya ɗaga takardata sama
kamar mai duba jabun riyal,
ya ce, "Ya Hajji, jininka ya koma shayi.
Tun yaushe kake kwana da kabsa a ciki?"
Na ce tun gemuna yana baƙi.
Ya ce to, ku yi sallama.

Shekara ashirin da biyu ina jan mota a Jidda,
Karantina zuwa filin jirgi, filin jirgi zuwa bakin teku,
ban taɓa sanin kuɗin albasa ba.

Yanzu bayan La'asar nake kashe mota
gaban rumfar Bayamanen kan kwana.
Ya ce mulukiyya, na ce lalo ne.
Ya ce bamiya, na ce kuɓewa ce, malam, tare muka girma.
Kusa ce kaɗai baƙuwa,
na karɓe ta a ƙanwar kabewa
wadda ba ta samu wurin sakewa ba.
Riyal sha ɗaya, leda biyu,
da gyaran barkono uku.

Hawa na uku. Kicin ɗin da in za ka juya
sai ka nemi gafarar firij.
Uwale ba ta dawowa sai goma,
lallen amare bai san lokacin abinci ba.
Daga ni sai wuƙa
sai fanka mai tari.

Ranar farko albasa ta ƙone.
Rana ta biyu gishiri ya yi mini juyin mulki.
Ta uku na kira Yaya Barmani a Gumel,
ta yi dariya har layi ya katse.
Da ya dawo ta ce:
"Mai cokali ɗaya. Ɗaya na ce.
Albasa ta yi laushi, kada ta yi fushi.
Tumatir ya bi ta, tafarnuwa ta bi shi,
daddawa in akwai."
Akwai, a gwangwanin madara,
wata hajiya ta bar mini bara.
"Ganye kuwa liman ne, shi ke shiga ƙarshe.
Kada ka rufe masa tukunya, ransa zai yi baƙi."

Cindo direban tanka ya leƙo
ya tarar ina tsinke lalo a tire.
Ya ce, "Ashe akuya ake komawa in an tsufa?"
Ban tanka ba. Na matsa lemun tsami,
na zuba masa ludayi guda don ya rufe baki.
Ya rufe kuwa.
Yanzu ana sallame Magariba
sai in ji takalminsa a matakala,
wai ya zo aron caja.

Autata Juwairiyya nan aka haife ta,
Hausarta goye take a bayan Larabci.
Da farko ture kwano take yi, tana neman kaza.
Jiya ta tsoma yatsa a miya ta ɗago,
zare ya biyo ta, ya miƙe, ya ƙi tsinkewa.
Ta ce, "Baba, me ake ce wa wannan?"
Na ce yauƙi.
Ta ce yauki.
Na ce a'a, can ciki, ki danne shi ki sake: ƙi.
Muka yi ta yi har miya ta huce.

Ba zan yi ƙarya ba,
in ƙamshin kabsar maƙwabta ya hawo ta taga
cikina yakan miƙe ya gaishe ta.
Lambar likita ma ta sauka ne kawai
kamar tsoho a matakala, yana dafa bango.

Ƙarfe goma da kwata, makulli ya yi motsi.
Uwale, yatsu jajur, ko mayafi ba ta cire ba,
ta buɗe tukunya, ta gutsuri rabin tamis, ta dangwala.
Ta ce, "Gishiri bai ji ba."
Tana tsaye ta side tukunyar.