Abin da Za Mu Rubuta a Bakin Ƙofa

Wata goma sha ɗaya muka yi a ɗakin nan na Gangare,
mu uku, da janareto mai gardamar tashi,
muna gina wasan bidiyo a kan mahaƙin kuza
da ya shiga rami da asuba, yake neman hanyar fita.
Ranar da muka gama, tukunyar shayi muka ɗora,
amma gardama ta riga ta tafasa.

Kachollom ta ce: a rubuta.
Tun a bakin ƙofa, kafin yaro ya danna komai,
a gaya masa ƙirƙirarriyar basira ta sa hannu a tuwon nan.
Wata uku ta yi tana zana fuska ɗaya,
fuskar kakanta, daga hoton da gara ta ci gefensa,
har yatsanta ya yi kanta.
Duwatsun bayansa kuwa, Jazuli ya roƙi na'ura,
ta zubo ɗari kafin ya gama hamma.

Jazuli ya ce: to, sai me?
Wa ya taɓa tambayar mai ƙosai
ko a turmi ta daka wake ko a inji?
Na ƙetare suna da bene cike da masu zane,
mu datar dare muke da ita.
Manna mana tambari, ba wanda zai ga wasan,
tambarin za su gani,
su ce aikin ragwaye,
wata goma sha ɗaya su bi ruwa.

Ta ce: inji bai taɓa cin waken kowa ba.
Wannan kuwa zanen mutane ta haɗiye,
ba sallama, ba na gode,
wa ya sani ko har da nawa.

Ni ina tsakiya, ina tuna Inna Lantana
mai zuma a Taminus.
In ta haɗa da sukari takan faɗa,
ta rage kuɗi, a saya, a dawo gobe.
Ba sukarin ke korar mai saye ba, in ji ta,
ganowa daga baya ne.
Ban faɗa ba. Na san amsar Jazuli:
zuma a harshe ake kama ta,
dutsen allo fa, wa zai lasa?

Muka kunna wasan don mu huce.
Tsoho ya fito daga rami na huɗu, fitila a hannu,
sai ta tsayar da shi.
Ku dubi dutsen nan, sumul kamar an shafa masa mai.
Namu ɗaya kan ɗaya suke zama,
kullum kamar za su faɗo, ba su faɗo ba.
Wannan bai taɓa kwana a sanyin Jos ba.
Jazuli ya daɗe yana kallo.
Ya ce: yaron Kano ba zai gane ba.
Ta ce: shi ya sa.

Ƙarfe biyun dare na ɗauki biro.
Duwatsu da gajimare: na'ura, Jazuli ya datse.
Fuskar tsoho: hannun Kachollom.
Ɗigar ruwa: bakin tafkin kuza, da wayata.
Tarin da ake ji a rami na shida:
na mahaifina ne, ta bayan labule.

Jazuli ya ce ya yi tsawo, ba mai karantawa.
Kachollom ta ce kalmar na'ura ta ɓuya a tsakiya,
a ƙara mata girma.
Janareto ya shaƙe, ya mutu.

Muka zauna a duhu, takardar tana hannuna,
shayin ya huce, ba wanda ya sha.
Can ta katanga na ji tsohon ya sake tari,
sai a lokacin na tuna
ni ma ban nemi izininsa ba.