Asabar a Hanyar Dass

Mun sallame asuba, gari bai gama buɗe ido ba.
Na goge sarƙa da tsumma, na ɗiga mata mai,
na latsa taya da babban yatsa kamar mai zaɓen gwanda.
Daga ɗaki aka ce, "Da furfurarka?"
Na ce likita ne ya aike ni, a je a tambaye shi.

A shataletalen Wunti muka haɗu, mu bakwai.
Ga Bappayo tela, gorar ruwa biyu, baki ɗaya mara hutu,
ga Ishaya mai kemis, yana ƙirga kilomita kamar ƙwayar magani.
Sauran samari ne masu cinya kamar turmi,
sun ba mu girma har Yalwa,
daga nan suka ba mu baya.

Bayan Bayara kwalta ta yi shiru.
Babu hon, babu ɗan kamasho,
sai ƙis-ƙis na sarƙa, numfashina na saɓa mata.
Ruwan daren jiya na kwance tsakanin kunyoyi,
dawa ta fid da kai, gero ya sunkuya,
balbela ta bi shanu ta tsallaka titi, ba ta dubi kowa ba.
Shekara ashirin ina bin hanyar nan a mota
ban san ƙasarta tana da ƙamshi ba.
Ban kuma san akwai hawa ba.

Ashe akwai.
Na sauke giya, na ƙara saukewa,
har babu sauran abin saukewa.
Gwiwa ta fara karanto mini shekaruna ɗaya bayan ɗaya,
gumi ya cika hular kwano, Bappayo ma ya yi shiru.
Sai ƙararrawa a bayanmu, ƙirrin!
Wani dattijo ne kan tsohon keke baƙi,
buhun taki a baya, fartanya ɗaure da roba,
yana tauna goro, yana taka feda kamar mai zuwa maƙwabta.

"Sannunku! Ina zuwa haka?"
"Dass, Baba."
"Biki ko gaisuwa?"
"Ko ɗaya. Mu je ne mu dawo."
Ya dubi kekunanmu, ya dubi tumbina,
ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe,"
ya wuce mu.

A kan tudun tayata ta ce fus.
Ƙayar aduwa ce, ƙarama, ko tsinken sakace ta fi ta tsawo...
a'a, ta fi ta kunya, don ta ɓuya.
Muka ciro tub, mu uku masu takardun makaranta,
muka juya shi, muka rasa hujin.
Dattijon ya fito daga gonarsa, Jatau sunansa,
ya karɓa, ya hura, ya kara shi a kumatu,
ya lumshe ido yana sauraron iska,
ya shafa yawu, kumfa ta tashi.

Haka mahaifina yake yi, daidai haka,
a zauren gidanmu na Jahun,
ni kuma ina tsugune riƙe da gwangwanin gam,
ina jiran a ɗora ni kan ƙarfen gaba
a kai ni ko'ina ne.
Na juya kai wajen duwatsu. Na ce gumi ne ya shiga idona.

Jatau ya ƙi kuɗi.
Ya tumɓuke gyaɗa biyu, ya kakkaɓe, ya cusa mini a aljihun baya.

Sannan gangara.
Dutsen Mbula ya taso gabanmu, gajimare a kafaɗarsa,
na saki birki,
iska ta shiga rigata ta mai da ni ɗan shekara tara.
Na ji wani yana ihu. Ashe ni ne.

La'asar na shigo gida ina tafiya kamar agwagwa.
Aka ce, "Me aka samo a Dass ɗin?"
Na zube gyaɗa a faifai, da ƙasarta,
na ce a dafa, a sa gishiri.
Na jingine keken inda zan gan shi daga gado.