Mudun Da Bai Lotse Ba

Kakana Bube, ma'auni ne a kasuwar Jega.
Kafin ya taɓa geron kowa
sai ya kifa mudu, ya shafa gindinsa.
Yakan ce: wanda bai tuhumi mudunsa ba
ya yi ƙarya tun bai buɗe baki ba.

Yau ga ni a Kalgo, ƙarfe biyun dare,
janareto na tari a bayan taga,
ina awon abin da ido ba ya gani:
wace ƙwayar gado ce ta ɗaga murya,
wace ce ta yi gum
a ƙwaƙwalwar ɓeran da ya bugu a ka.

To, da me zan gwada su?
Ƙwaya nake nema mai sanyin rai,
wadda ranar rauni da ranar lafiya
muryarta ɗaya.

Takwas na ɗauko.
Wadda littattafai suka fi yabo
ita ta fara ba ni kunya:
kwana uku da bugu, ta tumbatsa kamar gulbi a Agusta.
Wata ta daure mako guda, sannan ta sulale.
Biyu kaɗai suka tsaya,
su ma ban saki jiki da su ba.

Ƙanena Sahabi,
tun da babur ya kayar da shi a hanyar Bunza
yake lalubar sunana a bakinsa.
Shi ya sa ba na gaggawa.

Na sauya safar hannu.
Na kifa mudu.
Asuba ta same ni ina shafa gindinsa.