Hoton Kan Inna

Suka ce ta cire 'yan kunne, ta cire zobe,
har da allurar da ke soke a gefen kallabinta.
Inna Hassi ta dube ni: "Mi za su yi da kaina?"
Na ce hoto ne kawai, Inna, kwanta.

Gado ya ja ta cikin bakin na'ura
kamar yadda ake zura burodi a gidan wuta.
Ƙara ta tashi, sak injin markaɗen Mabera.
Ni ina waje ina ƙirga tayil,
lissafi na ɓace mini, ina sakewa.

Wannan kan ne ya riƙe adashin mata talatin da biyu,
shekara ashirin, ba biro, ba takarda.
Ta san wadda ta zuba, da wadda ta ce sai Laraba,
da wadda ɗaukarta ta zo daidai da goyon ciki.
Bara ta ba Ige ɗauka sau biyu.
Bana ta tambaye ni ɗan gidan wa ne ni.

Likita Namadina ya juyo da allo.
Ga ƙwaƙwalwa, toka-toka, an tsaga ta kamar goro,
ga ɗigo-ɗigon fari sun watsu a tsakiya.
Ya sa bakin biro: nan, da nan, da can.
Ya ce ƙananan jijiyoyi ne suka tsuke,
suga ya daɗe yana cin su a ɓoye,
jini bai kai ko'ina kamar da.

Na tuna Rima a ƙarshen rani,
daga kan gadar Kwalkwalawa:
ruwa ya janye, ya bar tsibiran yashi,
lambun da ke nesa da gaɓa shi ke fara ƙuna.

Mu da muke gadin ƙafarta kada ta yi gyambo,
muke ɗiga mata magani a ido,
ashe ɓarawon ta rufi ya shigo.

Na ce, ana wanke wannan farin?
Ya yi shiru kaɗan. Ya ce, a tare wanda bai zo ba.

A keke-napep ta rungume ambulan ɗin a ƙirji,
rana na ratsa baƙar ledar.
Daidai shataletale ta taɓa gwiwata:
"Altine ba ta zuba na makon jiya ba."
Altine ta shekara shida a ƙasa.
Na ce to, Inna, zan bi ta kansu.